Gano Matsalar Wuta a Motar da Aka Sauya wa Kayan Inji

Injin fetur ba ya tashi sai abu uku sun haɗu: mai gauraye da iska, matsi a cikin silinda, da tartsatsi a bakin fulogi a daidai lokacinsa. Na ukun shi ne abin da makanikai ke kira wuta. Batirin mota bolt 12 ne kawai, kuma wannan ƙarfi ba zai tsallake ko kaurin farce ba. Kwayil ne ke ɗaga shi zuwa bolt 15,000 ko ma 30,000, kuma yana yin haka ne duk lokacin da aka katse lantarkin da ke shigarsa farat ɗaya. A tsohon tsari, wanda Charles Kettering ya fito da shi a Amurka wajen 1910, kwantak ne ke yin katsewar, yana buɗewa yana rufewa a cikin distiributa. Daga shekarun 1970 kamfanoni suka koma ga wani ɗan akwatin lantarki da ake kira modul, daga baya kuma aikin ya koma hannun kwamfutar mota, wato birenbos.

A ƙasar Makarfi da Ikara da Kudan, da wuya a sami motar haya da ke nan yadda kamfani ya fito da ita. Akori-kurar Peugeot 504, wadda kamfanin Peugeot na Kaduna ya harhaɗa irinta, da J5 da Golf, su ne ke kwaso rake da mazarƙwaila da kwandunan tumatir daga Gazara da Hunƙuyi da ƙauyukan Ikara zuwa bakin titin Zariya da Kano. Sauyi iri biyu aka fi yi musu. Ko dai a cire wa tsohuwar mota kwantak a sa mata modul, ko kuma a cire wa Golf mai injekta birenbos ɗinta a mai da ita kafireta, saboda kafireta kowane bakaniken ƙauye ya san kanta. Dabarar ba ta da laifi. Sai dai motar da aka yi wa haka ta zama gidan haya: kwayil daga wannan mota, distiributa daga waccan, modul kuma sabo daga kanti. Mafi yawan matsalolinta a mahaɗar waɗannan kaya suke, kowanne kuwa lafiyarsa lau idan aka gwada shi shi kaɗai.

Abin da ake fara tabbatarwa shi ne ko matsalar ta wuta ce ma. A ciro wayar fulogi ɗaya, a sa mata fulogi mai kyau, a jingina jikinsa da ƙarfen inji, wani ya murza ki. Tartsatsi mai shuɗi-shuɗi da ƙarar tas-tas alamar lafiya ce. Ja-ja mai sanyi ko babu gaba ɗaya, to a shiga bincike. Kada a murza inji alhali wayar tana reto ba ta da inda za ta zubar da wutarta, domin wutar kan koma baya ta kashe modul. A motar da aka mai da kafireta akwai wani tarko: idan an bar famfon mai na injekta ba a rage masa ƙarfi ba, yana turo mai ninkin-ba-ninkin abin da kafireta ke iya tarewa, fulogi su jiƙe sharkaf, mota ta ƙi tashi, a ɗora wa kwayil laifin da bai aikata ba.

Idan wuta ce, batir ne farko. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 a mita, kuma bai kamata ya faɗo ƙasa da 10 sosai ba lokacin da kik ke juya inji. Kwantak yakan daure da batir mai rauni, modul kuwa ba ya daurewa. Daga nan a auna abin da ke isa kan kwayil da modul, da ki a buɗe da kuma lokacin da ake murzawa. Nan ne aikin wasu masu wayarin ke tonuwa. Da aka cire birenbos, sai a jawo wuta daga duk wayar da ta fi kusa, ta rediyo ko ta fanka, alhali wasu daga cikin waɗannan layuka suna ɗaukewa daidai lokacin da ake murza ki. Irin wannan mota ba ta tashi da kik, amma da an tura ta sai ta kama. Direba ya yi ta sayen batir yana zagin kik, matsalar kuwa waya ɗaya ce aka ɗaura inda bai dace ba.

Wayar at, wato wadda ke haɗa kayan lantarki da ƙarfen mota, ita ma haka. Modul ɗin da aka ɗaure a kan fenti ko tsatsa, ko inji da igiyar da ke haɗa shi da bodi ta tsinke, yana ba da wuta mai zuwa tana ɗaukewa, musamman a hanyar burji mai gargada.

Babban abin da ke cinye kuɗin masu mota shi ne rashin dacewar kwayil da modul. A ido duk kwayil ɗaya ne, amma cikinsu ya bambanta. Idan aka ɗora mita a kan ƙananan kawunansa biyu, na kwantak yakan nuna kusan om 3, wanda ke tafiya da rizisto kusan 1.5, na tsarin lantarki kuwa sau da yawa bai kai 1 ba. Idan aka haɗa kwayil mai ƙaramin om da modul ɗin da aka yi domin mai om 3, lantarki zai kwarara fiye da kima, modul ya yi zafi ya ƙone. A sa sabo, bayan 'yan makonni shi ma ya bi sahu. Idan aka yi akasin haka, ko aka manta da tsohon rizisto a kan layi, wuta za ta yi sanyi: mota tana silo lafiya a tasha, amma da an yi mata lodin rake ta fuskanci tudu sai ta riƙa shaƙewa. Modul ɗin da ya ƙone sau biyu a mota ɗaya ba jabu ba ne dole. Akwai abin da ke kashe shi. A auna cajin altaneta ma, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin bolt 13.8 da 14.4. Kuma wasu modul ba sa jure a bar ki a buɗe inji na kashe, abin da direbobi ke yi kullum suna jin rediyo kafin mota ta cika.

Zafi yana da tasa alama. Mota ta yi tafiyar rabin awa lafiya, ta mutu kamar an zare ki, a jira ta huce, ta tashi kamar ba ita ba. Wannan kusan kullum modul ne, ko kwayil, ko sansan da ke cikin distiributa. Modul yana buƙatar farantin alminiyam a bayansa da farin man nan mai ɗauke zafi a tsakani, nesa da bakin salansa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40, wanda aka ɗaure da waya a jikin inji ba ya daɗewa. Gwajin sai an yi shi nan take tana da zafi. Idan ta huce, shaida ta gudu.

Murfin distiributa da rota da wayoyin fulogi ba su da wahalar dubawa. Ƙurar hunturu takan taru a cikin murfi, raɓar damina ta jiƙa ta, wuta ta sami gajeriyar hanya ta bar wani siririn baƙin layi kamar na fensir. Murfin da ya yi haka sai canji. Wayar da ke yoyon wuta kuwa da dare ake kama ta, a buɗe bonet a duhu. Tazarar bakin fulogi a yawancin waɗannan injina milimita 0.7 zuwa 0.8 ce.

Saura jeri da tayimin. Golf da 504 duk suna ba silinda wuta a jerin 1-3-4-2, amma Volkswagen na ƙirga silinda ta ɗaya daga wajen bel, Peugeot kuwa daga wajen giyabos, kuma wannan ya rikita yaran gareji da yawa. Akwai kuma kuskuren da ke ɓoye: distiributar motar injekta ba ta da abin da ke gaggauto wuta idan inji ya ɗau gudu, domin birenbos ne ke yin wannan aiki. Idan aka cire shi aka bar ta, mota za ta tashi, amma ba ƙarfi, ga shan mai, ga zafi. Dole a sa distiributar kafireta mai ƙarafan juyi a ciki da tiyon iska a gefe, a tabbatar tiyon bai tsage ba. Saita tayimin da kunne al'ada ce da ta zauna, amma kunne ba ya ganin abin da ke faruwa a babban gudu. Fitilar tayimin ce ke nunawa. Ƙarar ƙas-ƙas a kan tudu alamar wuta ta yi gaba da yawa ce, kuma fistin take ci.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wasu motocin haya sun koma gas ɗin CNG. Gas ya fi fetur wuyar kamawa da wuta, saboda haka fulogi ko wayar da ke lallaɓawa a kan fetur sai ta fara harbi ta wajen shigar iska da an juya zuwa gas. Sababbin fulogi da wayoyi, da ɗan rage tazarar bakin fulogi, su ne ake fara yi kafin a taɓa na'urar gas ɗin.

Duk wanda zai je Sabon Garin Zariya, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano neman kwayil ko modul, ya tafi da tsohon a hannu, da lambar da ke jikinsa, ya kuma sa a auna sabon da mita a gabansa kafin ya biya.