Kujera Na Nan, Tikitin Araha Ya Ƙare: Laifin Wa?

Da zarar azumi ya ƙarato, ƙorafi ɗaya ake ji a majalisun Kura da Bunkure, musamman a bakin manoman rani da dillalan shinkafa masu niyyar Umara. An tallata tikiti da farashi mai sauƙi, mutum ya sayar da shanshera ya kai kuɗi, sai ejan ya ce wancan farashin ya ƙare. Ranar tafiya kuma ya shiga jirgi a filin Malam Aminu Kano ya tarar da kujeru babu kowa a kansu. Nan take sai a yanke hukunci cewa ejan ne ya ɓoye tikitin don ya ci ƙazamar riba.

Akwai ejan marasa amana, amma rufe farashi ba ya hannunsu. Kamfanin jirgi kasa kujerunsa yake yi rukuni-rukuni, kowane da harafinsa, kamar Y ko M ko Q, da kuɗinsa da sharuɗɗansa, alhali kujera da abinci duk iri ɗaya ne. Kwamfuta ce ke duba yadda aka yi ciniki a irin wannan lokaci a shekarun baya, ta buɗe rukunin araha ko ta rufe shi. Tsarin ya bunƙasa ne a Amurka bayan gwamnati ta cire hannu daga ƙayyade kuɗin jirgi a 1978, kuma a 1985 American Airlines ya yi amfani da shi ya durƙusar da abokin gasarsa People Express.

Inda mutanenmu suka fi ruɗewa shi ne tafiya mai yada zango. Wanda ya bi Ethiopian Airlines zai sauka Addis Ababa, wanda ya bi EgyptAir zai sauka Alƙahira, kafin ya hau jirgi na biyu zuwa Jidda. Wannan jirgi na biyu ba na Kanawa kaɗai ba ne. Fasinjojin Legas da Akkara da Bamako duk a kansa suke haɗuwa. Kujerun da ka gani fanko a Kano ba su ne matsalar ba. Cunkoson yana can gaba.

Dubi direban da ya loda daga Kano zuwa Kaduna, saura kujera ɗaya. Mai sauka Kura ya zo, direba ya ce babu wuri, domin yana jiran mai zuwa Kaduna. Idan kuma ya san zai samu mai zuwa Zariya, can ya sake ɗaukar wani zuwa Kaduna, kuɗin biyun kuma ya fi na mutum ɗaya, to mai Kaduna ne zai ji babu wuri, sai dai ya ƙara kuɗi. Haka kwamfutar kamfani ke auna kuɗinka na Kano zuwa Jidda da abin da kujerun biyu za su kawo in an sayar wa wasu. Shi ya sa za a ga araha a kowane zango daban, amma da an haɗa su sai ta ɓace.

Hukumomi ma suna da nasu kason. A 2023 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce kuɗin kamfanonin jiragen waje da suka maƙale a Najeriya sun haura dala miliyan 800, saboda ƙarancin dala. Kamfanonin suka rufe rukunan araha ga mai biya da naira, Emirates ma ya dakatar da zuwa a 2022. Sai a farkon 2024 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta umarce su da su buɗe. Duk tsawon lokacin nan talaka ya biya tsada, babu wanda ya zo ya yi masa bayani da harshensa.

Saboda haka, maniyyaci, kada ka jira goman ƙarshe na azumi, lokacin da duniya duka ke neman kujera. Sayi da wuri, ka ce wa ejan ya gwada wata rana ko wata hanya. Ka guji yankar tikiti biyu daban don neman sauƙi, domin in jirgin farko ya makara, na biyu ba ya da alhakinka. Kuma kada ka miƙa kuɗin gumin gonarka sai ga ejan mai rajista, wanda zai ba ka lambar tikiti a hannu.