Minshari da ɗaukewar numfashi: Abin da ke sa masu jinya a Dutse ajiye takunkumin barci bayan sun saya da tsada

Idan bazara ta kankama a Dutse, zafi ya kori mutane daga ɗaki zuwa tsakar gida, babu sirrin da ke saurin tonuwa kamar minshari. A unguwa irin Yalwawa, inda katanga ɗaya ce tsakanin gida da gida, maƙwabci kan san barcin maƙwabcinsa. Akan yi abin dariya da safe a wajen mai shayi, a ce wane ya kwana yana tuƙa tirela, shi ke nan a wuce wurin.

Sai dai akwai minsharin da ba na dariya ba ne. Shi ne wanda ake cikin jin gurnani sai a ji tsit, kamar an yi ruwa an ɗauke, a ɗauki daƙiƙa goma ko ashirin ko fiye, sannan mutum ya zabura ya ja iska da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe. Matan aure sun fi kowa sanin wannan shirun, domin su ne ke kwana suna zungurin maigida don su tabbatar yana da rai.

Likitoci na kiran wannan ɗaukewar numfashi a cikin barci. Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro da bayan harshe kan saki, su faɗa su toshe hanyar iska. Iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashi mutum na ɗan lokacin da ba zai ma tuna ba, ya ja numfashi, ya koma. Wanda hakan ke faruwa da shi sau 5 zuwa 15 a awa ɗaya, nasa mai sauƙi ne. Daga 15 zuwa 30 matsakaici ne, abin da ya haura 30 kuma ya tsananta.

Wani nazari da mujallar Lancet Respiratory Medicine ta wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da larurar a duniya, kuma Najeriya na cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu ita. Tana da alaƙa da hawan jinin da ke ƙin jin magani, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon suga. Da rana kuma ga gyangyaɗi: a ofis a sakatariya, a masallaci ana huɗuba, ko kuma, wanda ya fi muni, a kan sitiyari tsakanin Kwanar Huguma da Wudil.

A ƙasar Hausa akan ɗora abin a kan gajiya, ko ƙiba, ko dannau. Wasu har wajen wanzami suke zuwa a cire musu beli, alhali toshewar ta wuce beli, kuma yankan na iya jawo zubar jini. Alamomin da likitoci ke dubawa ba ɓoyayyu ba ne: minshari mai ƙarfi, gajiya da rana, hawan jini, shekaru sama da 50, ƙiba, da kaurin wuya da ya haura santimita 40, wato wajen inci 16. Wannan na ƙarshe, telan da ke ɗinka wa mutum kaftani ya riga likita saninsa.

Na'urar da aka fara da injin shara

Maganin da ya fi shahara shi ne na'urar CPAP, wata ƙaramar akwati da ke hura iska ta cikin tiyo zuwa takunkumin da aka ɗaura a hanci. Iskar ce ke tokare maƙogwaro ya zauna a buɗe har gari ya waye. Ba iskar oksijin ba ce irin ta asibiti. Iskar ɗaki ce kawai da aka ƙara wa ƙarfi.

Wani likita ɗan Ostareliya, Colin Sullivan, shi ya fara gwada ta a wani asibiti a birnin Sidni a 1980, da injin shara mai zuƙar ƙura da aka juya shi yana hurawa, ya kuma wallafa sakamakon a 1981. A wancan lokaci da gam ake manna takunkumin a hancin mara lafiya kowane dare. Wato tun ranar farko matsalar ba ta injin ba ce, ta inda roba ta haɗu da fuska ce. Shekara 40 da ɗoriya bayan nan, nan ɗin dai ake fama.

Ga mazaunin Dutse, kafin a kai ga wannan matakin ma an sha hanya. Akan fara daga Babban Asibitin Dutse ko Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni, wani lokaci a dangana da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a ga likitan ƙirji ko na kunne da hanci da maƙogwaro, a yi gwajin barci. Na'urar kuma daga waje ake shigo da ita, da dala ake lissafinta, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashinta ya wuce aljihun ƙaramin ma'aikaci. Da yawa ɗan'uwa ne ke aiko musu daga Ingila ko Saudiyya, ko a yi oda daga Legas ko Abuja. Ta iso a kwali, da takunkumi guda ɗaya, wanda ba wanda ya auna shi da fuskar mai shi.

A nan gizo ke saƙa. Dare na farko iska ta riƙa tsiyaya tana hura ido. Dare na biyu a ƙara ɗaure igiya. Dare na uku a tashi da ƙuje a karan hanci da zane a kumatu, a je ofis ana tambaya ko lafiya. Kafin mako biyu na'urar ta koma saman wadirob, an lulluɓe ta da tsohon zani.

Ɗaurewa tamau ba ita ce gyara ba

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa takunkumi kamar murfin jarka yake, gwargwadon matsewa gwargwadon riƙewa. Robar da ke bakinsa mai laushi ce, an yi ta ne don iskar na'urar ta kumbura ta, ta kwanta a fata da kanta. Idan aka ja igiya da ƙarfi, robar ta murƙushe ta yi ninki, iska ta samu hanya ta cikin ninkin. Mai shi ya ji tsiyaya ya ƙara ja, abin ya ƙara lalacewa.

Yadda masu koyar da amfani da na'urar ke nunawa shi ne a sa takunkumin a zaune, igiyoyi a sake, a kunna na'ura, sannan a kwanta yadda aka saba kwanciya, domin fuskar mutum a kwance ba ɗaya take da fuskarsa a gaban madubi ba. Sai a riƙa jan igiyoyin kaɗan-kaɗan, dama da hagu daidai wa daida, har tsiyayar ta tsaya. Idan yatsa ba ya iya shiga tsakanin igiya da kumatu, an wuce gona da iri. In iska ta ɓalle cikin dare, a ɗaga takunkumin daga fuska a bar robar ta sake cika, a mayar a hankali. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. Tsiyayar da ke wajen ido ta igiyar sama ce, ta wajen leɓe kuma ta ƙasa ce.

Sai batun girma. Takunkumi na zuwa ƙarami da matsakaici da babba, kuma ba girman jikin mutum ake bi ba, faɗin hancinsa ake bi. Ƙaton mutum na iya buƙatar ƙarami. Wasu kamfanoni na yin samfuri na musamman don mai faɗin hanci, akan sa masa harafin W, kuma shi ya fi dacewa da fuskoki da yawa a nan, amma shi ne wanda mai aikowa daga waje ba ya tunanin saya. Kamfanoni irin su ResMed da Philips na da takardar awo da ake bugawa a ɗora a hanci. Kuɗin buga ta a shagon kwamfuta bai kai na katin waya ba, ga shi tana iya hana asarar dubbai.

Gemu ma na da tasa rawar. Takunkumin da ke rufe hanci da baki gaba ɗaya yana sauka ne a kan haɓa, kuma roba ba ta kama gashi. Dattijo mai cikar gemu da aka ba irin wannan zai kwana iska na fita, har ya fara tunanin sai ya zaɓa tsakanin gemunsa da lafiyarsa. Ba sai an kai haka ba. Akwai na hanci zalla, wanda rage gashin baki kawai yake buƙata, akwai kuma wanda ƙananan robobi biyu ne da ke zama a bakin kafofin hanci, ba ruwansu da gashin fuska. Wannan na biyun ya fi sauƙi ga mai jin kamar an rufe shi a rami, da kuma lokacin zafi, ko da yake yakan sa kafofin hanci tsami a kwanakin farko, musamman in ƙarfin iskar na da yawa. Wanda kuma bakinsa ke buɗewa cikin barci, iska ta shiga ta hanci ta fice ta baki, ya tashi maƙogwaro a bushe, akwai maɗaurin haɓa da aka yi don haka.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: ƙananan hujojin da ke jikin takunkumi, inda ake jin iska na fita kullum, ba lalacewa ba ce. Ta nan numfashin da mutum ya fitar ke ficewa. Wanda ya liƙe su da salatif don ya hana ƙara, gurɓatacciyar iskar da ya fitar zai riƙa mayarwa ciki.

Hunturu, basilin da turaren wuta

Littafin da ke cikin kwalin bai san hunturun Jigawa ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu fata na bushewa, kowa na shafa basilin ko man kaɗanya kafin ya kwanta. Maiƙo kuwa abokin gabar robar ne: yana sa ta zamewa, yana kuma cinye ta da wuri. A wanke fuska da sabulu a tsane ta kafin a sa, shafa mai a bari sai da safe. A bazara gumi ne ke yin wannan ɓarnar, kuma akwai siririn ƙyallen auduga da ake sawa tsakanin roba da fata don shi.

Ƙurar hunturu na toshe ɗan matacin da ke bayan na'ura cikin ƙanƙanin lokaci, don haka a riƙa duba shi kowane mako. Busasshiyar iska na toshe hanci, toshewar hanci kuma na sa buɗe baki, shi ya sa ƙaramin tankin ruwan da ke jiƙa iskar ke da amfani a wannan lokaci. Tataccen ruwa ake so a zuba. Ruwan burtsatse na barin farin dutse a ciki. Ita robar, ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi ya ishe ta kullum, a shanya a inuwa. Haifo da sifirit na ƙona ta.

Na'urar duk abin da ke ɗakin take zuƙa ta tura huhu. Turaren wutar uwargida, hayaƙin maganin sauro na kunnawa, fiya-fiya, duk ciki. Gidan sauro ya fi, a zuro tiyon ta ƙarƙashinsa ko a rataye shi ta saman kai don kada juyi ya fizge takunkumin. Janareta kuwa a nesanta shi da taga, domin hayaƙinsa kisa yake yi ko babu na'ura.

Wutar KEDCO ba abin dogaro ba ce ga mai buƙatar awa shida ko bakwai a jere. Sa'ar da aka yi, na'urar ba ta cin wuta sosai in aka kashe abin ɗumama ruwan, ƙaramin batir da inbata ko sola na iya kai ta asuba. Mai takunkumin hanci ba ya shaƙewa don an ɗauke wuta. Zai buɗe baki ko ya farka. Abin da ya rasa shi ne maganin wannan daren.

Akwai kuma abin da ba a faɗa wa likita, wato kunya. Magidanci ba ya son iyalinsa su gan shi da tiyo a fuska kamar wanda ke kwance a asibiti. Mai mata biyu kan ajiye na'urar a ɗaki ɗaya, ranar girkin ɗaya matar ya kwana haka nan. Amma amfaninta na daren da aka sa ta ne kawai, ba a ajiye na gobe. A Amurka, mafi ƙarancin abin da ake ƙirgawa a matsayin bin magani shi ne awa 4 a dare, a kashi 70 cikin 100 na darare. Barcin bayan sallar asuba da ƙailula ma suna cikin lissafi, domin barcin goshin safiya shi ne lokacin da naman maƙogwaro ya fi saki. Wanda ya kasa jurewa, ya fara sabawa da rana: ya sa takunkumin minti 20 yana sauraren rediyo. Yawancin na'urorin na da tsarin farawa da iska kaɗan, ta riƙa ƙaruwa har barci ya ɗauke mutum.

Ƙarfin iskar kansa, wanda ke tsakanin maki 4 zuwa 20, likita ne ke tsayar da shi bayan gwaji, don haka na'urar da aka gada daga wani tana ɗauke da awon wancan mutumin ne. Mai sayen ta hannu kuma ya duba samfurin da kyau: a watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa, ciki har da DreamStation ta farko, saboda soson rage ƙara da ke cikinsu na iya rududdugewa ya bi iska. Wasu takunkuman kuma maganaɗisu ne ke riƙe igiyarsu, kuma kamfanonin sun gargaɗi wanda aka dasa wa na'urar bugun zuciya, shi ko wadda ke kwana kusa da shi, da ya nemi wani samfurin. Idan an gyara ɗauri, an canja girma, amma ƙujen hanci ya zama gyambo ko gyangyaɗin rana bai ragu ba bayan 'yan makonni, sai a ɗauki na'urar da takunkumin gaba ɗaya a koma wa likita, domin yawancinsu na ajiye bayanin awannin da aka yi da su da yawan iskar da ta tsiyaye kowane dare.