2.2 Yaƙi, Haraji da Kafuwar Gwamnatin Amurka

Kafin a yi bayani a kan tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko, wanda Nijeriya ta ɗauka a shekarar 1979, ya dace a waiwayi inda tsarin ya samo asali, wato Amurka. A wannan tarihi, batun haraji shi ne ƙashin baya, domin shi ya haddasa tawaye, kuma shi ya tilasta aka sake fasalin gwamnati.

2.2.1 Yaƙin Mallakar Ƙasa

Daga 1754 zuwa 1763 Ingila da Faransa sun gwabza yaƙi a Arewacin Amurka, kowace da goyon bayan wasu ƙabilu na 'yan asalin ƙasar. Ingila ta yi galaba, har Faransa ta sallama mata Kanada a yarjejeniyar Faris ta 1763. Wannan nasara ta haifar da abubuwa biyu. Na farko, Ingila ta fita da bashi mai nauyi. Na biyu, yankuna 13 da take mulka ba su da sauran fargabar Faransa, don haka buƙatar kariyarta ta ragu.

Domin rage bashin, a 1765 Majalisar Ingila ta ɗora harajin hatimi a kan jaridu da takardun shari'a. Mazauna yankunan suka ce majalisar da ba su da wakili a cikinta ba ta da hurumin taɓa aljihunsu. An soke dokar a 1766, amma aka biyo da wasu. A Disambar 1773 masu adawa suka zubar da akwatunan ganyen shayi 342 a tashar jirgin ruwa ta Boston.

2.2.2 Juyin Juya Hali

Faɗa ya ɓarke a Afrilun 1775, aka naɗa Joj Washinton kwamandan sojojin yankunan. A ranar 4 ga Yuli, 1776 aka ayyana 'yancin kai. Faransa, wadda ba ta huce ba, ta mara wa 'yan tawaye baya a 1778. Sojojin Ingila sun miƙa wuya a 1781, sannan a 1783 Ingila ta amince da 'yancin Amurka.

2.2.3 Kafa Gwamnati

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda tsoron danniya, gwamnatin tarayya ta farko ba ta da shugaba mai zartarwa, kuma ba ta da ikon karɓar haraji, sai dai ta roƙi jihohi. Sakamakon haka ta kasa biyan sojoji da basussukan yaƙi. Tawayen da manoman Masachuset suka yi a 1786 ya ƙara tona rauninta.

A 1787 wakilai 55 suka taru a Filadelfiya suka rubuta sabon tsarin mulki. An raba iko gida uku: majalisa, shugaban ƙasa da kotu. Kowace jiha ta sami kujera 2 a Majalisar Dattawa, Majalisar Wakilai kuwa aka raba ta bisa yawan jama'a. An kuma ba majalisa ikon ɗora haraji. A ranar 30 ga Afrilu, 1789 aka rantsar da Washinton. Sai dai 'yancin bai haɗa da bayi ba, domin ba a haramta bauta a faɗin ƙasar ba sai 1865.

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa ba haraji kansa aka yaƙa ba, rashin wakilci aka yaƙa. Sashe na gaba zai duba yadda Nijeriya ta aro wannan tsari.