Rijiyoyin Burton Da Gardamar Masu Ɗanɗano

Kafin mai karatu ya ɗaga gira, bari in faɗa da bakina cewa ban taɓa kai giya baki ba, kuma ba yanzu da furfura ta fara cin gemuna zan koya ba. Sana'ata ita ce awon ruwan sha, ita ce kuma ta kai ni Ingila a ƙarshen shekarar 2023 domin wani kwas na mako uku a kan sinadaran ruwan ƙarƙashin ƙasa. A mako na biyu malaminmu ya ce mana duk wanda ya karanci ruwa bai leƙa garin Burton ba, to da sauran karatu a gabansa. Ranar Asabar muka kama hanya mu uku, ni da shi da wani ɗalibi Ba'amurke.

Burton yana bakin Kogin Trent ne a gundumar Staffordshire, sai dai rijiyoyinsa ne suka fito da sunansa a duniya. Ruwansu yana ratsa shimfiɗar dutsen jifsam, wato farin dutsen nan da muke sani a aikin siminti da adon silin, ya fito ɗauke da kalsiyam da salfet masu yawan gaske. Akwai rijiyoyin da salfet ɗinsu ya haura miligiram 600 a kowace lita, alhali ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta tsaya a kan 100. Da a gida na auna irin wannan ruwa a burtsatse, zartsi zan kira shi, in rubuta a nemi wani wurin a sake haƙawa. To amma abincin wani gubar wani. Wannan zartsin shi ne ya dace da wata irin giya mai launin ruwan zuma wadda suke kira pale ale, domin yana sa ta washe tas, yana kuma fito da ɗacin furen hof, wata shuka mai yaɗo da suke dafawa tare da tsiron sha'ir.

A kan wannan ruwa aka gina arzikin garin. William Bass ya kafa masana'antarsa a 1777. Da Rasha ta lafta haraji a 1822 ta toshe wa Burton tsohuwar kasuwarta, sai Samuel Allsopp ya juya akala zuwa Indiya, inda Turawan mulkin mallaka ke neman abin sha da zai jure tafiyar watanni a teku. Layin dogo ya iso a 1839, kuma kafin ƙarshen ƙarnin masana'antu fiye da 30 ne ke aiki a wannan ɗan gari, ana ƙiyasin kashi ɗaya cikin huɗu na giyar Birtaniya daga nan take fitowa. Ko tashar jirgin ƙasa ta St Pancras da aka buɗe a Landan a 1868, an tsara tazarar ginshiƙan ƙarƙashinta ne daidai da girman gangunan Burton. Jar alwatikar Bass kuwa ita ce tambarin kasuwanci mai lamba ɗaya a rajistar Birtaniya, tun ranar 1 ga Janairu, 1876.

Mun so mu fara da gidan tarihin sana'ar, sai muka tarar an rufe shi tun 2022. Saboda haka malaminmu ya wuce da mu wata ƙaramar masana'anta a gefen gari, mallakar wata matashiya da ba ta wuce shekara talatin da 'yan kai ba. A benen muka sami wani dattijo da ya yi shekara arba'in yana dafa giya kafin ya yi ritaya. An jera wa kowannensu ƙananan kofuna huɗu, daga ƙananan masana'antu huɗu na yankuna dabam-dabam. Ni kuma, da yake malamin ya riga ya gaya musu matsayina, sai aka ajiye mini buta da busasshen furen hof da tuluna uku na ruwa. Babu wanda ya yi mini tayi, babu wanda ya tambaye ni dalili, kuma na ji daɗin wannan karamci.

Yadda suke ɗanɗanon ma abin kallo ne. Sai mutum ya ɗaga kofi ya duba shi a haske, ya karkaɗa, ya kai hanci, sannan ya kurɓa kaɗan ya yi shiru kamar mai tuna wani bashi. Kofin farko na Burton ne, kuma daga inda nake zaune ina jin ƙaurinsa kamar an ƙyasta ashana. Dattijon ya lumshe ido ya ce wannan ƙaurin na farar wuta shi ne shaidar gida, ɗacinta kuma a bushe yake, ba ya daɗewa a harshe. Na biyu daga Yorkshire, suka ce ya fi laushi, zaƙin tsiro ya fi fitowa. Na uku daga Kent, mahaifar furen Golding da Fuggle, nan ma babu jayayya, ƙamshin ƙasa da ɗan na zuma suka ce.

A kofi na huɗu aka raba gari. Daga Landan ya zo, an yi shi da furen Amurka, ƙamshinsa ya cika ɗakin kamar an ɓare lemon tsami da mangwaro. Ba'amurken ya washe baki ya shiga ba mu tarihi, yadda aka fitar da irin Cascade a Jihar Oregon a 1972, yadda Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafa giya a gida a 1978, da yadda kamfanin Sierra Nevada ya fara tasa a garin Chico na Kalifoniya a 1980, wadda ta zama abin koyi ga dubban ƙananan masana'antu. Dattijon ya bari ya kai aya, sannan ya ture kofin ya ce in ruwan lemo yake so ya san hanyar kanti. Matashiyar ta yi dariya ta ce, ai irin wannan ruwan lemon ne ke biyan albashin ma'aikatanta uku.

Ana cikin haka malamin ya ce in gwada nawa. Na jiƙa furen daidai wa daida a ruwan tuluna ukun, kamar mai haɗa shayi. Na farko ruwa ne mai laushi, ɗacin ya zo a baje, ba shi da kan gado. Na biyu an zuba masa jifsam, ai kuwa ɗacin ya zo da kaifi kamar na maɗaci, ya wuce ya bar mini baki a bushe. Na uku an sa masa gishirin kalsiyam kulorayid, ɗacin yana nan amma ya risina, ruwan ya yi kauri a baki. Fure ɗaya, zafi ɗaya, minti ɗaya. Shekara ashirin ina rubuta waɗannan sinadarai a takardar sakamako, ban taɓa jin bambancinsu a harshena ƙarara kamar ran nan ba.

Sai na tambayi matashiyar zurfin rijiyarta. Ta ce ba ta da rijiya. Ruwan famfo take ɗauka, ta bi da shi ta na'urar tacewa har ya zama babu komai a cikinsa, sannan ta auna jifsam daga buhu ta zuba gwargwadon irin giyar da take so. A tsakiyar Burton ke nan! Dattijon bai ce uffan ba, sai juya kofinsa yake yi a kan tebur.

Ba ita ta ƙirƙiro dabarar ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 masana sinadarai suka gano abin da ke cikin ruwan Burton, suka koya wa kowa yadda zai haɗa irinsa a garinsu, har dabarar ta ɗauki sunan garin. Daga ranar da sirrin rijiya ya koma buhu, fifikon Burton ya fara zaizayewa. Masana'antun suka yi ta haɗiye juna. A shekarar 2000 Bass ya sayar da sashensa na giya ga kamfanin Interbrew na Beljiyam, a 2002 kuma babbar masana'antar garin ta koma hannun Coors na Amurka. A wannan shekarar ce gwamnati ta rage wa masu dafa abin da bai wuce lita dubu 500 a shekara ba rabin haraji, matakin da ya buɗe ƙofa ga ɗaruruwan irin wannan matashiya.

Abin da na fahimta a teburin nan shi ne, bambancin da suke yabawa da sunan Yorkshire ko Kent ko Burton, kaso mai yawa daga cikinsa yanzu zaɓin mai dafawa ne, ƙasa ta daina tilasta wa kowa. Zuciyata tana tare da dattijon, domin na san zafin ganin abin da ka yi rayuwa kana taƙama da shi ya zama kayan awo a sikeli. Amma a matsayina na mai awon ruwa ba zan iya cewa matashiyar ta yi kuskure ba. Ruwan rijiya yana sauyawa da damina da rani, takin gonaki yana malala cikinsa, ita kuwa mai saye yana son abin da ya sha jiya ya same shi gobe.

Da za mu tashi, dattijon ya riƙe hannuna ya ce, Injiniya, akwai abu ɗaya da ba a sa shi a buhu ba tukuna. Yana nufin wani tsohon tsari na jerin gangunan katako da aka haɗa da bututu, inda kumfar yis ke hawa ta zuba a kwami, ruwan ya komo ganga. Masana'antar Marston's ce kaɗai ta rage tana aiki da shi a garin a lokacin. Ban fi wata biyu da dawowa gida ba, a Janairun 2024, kamfanin ya sanar da cewa ya daina amfani da shi. Daga baya aka kwance jeri guda aka loda a mota zuwa masana'antar Thornbridge da ke Bakewell a gundumar Derbyshire, inda aka sake ɗaura shi, yana aiki da ruwan wani gari.