Me Ya Sa Wuƙa Ba Ta Riƙe Kaifi?

'Yan'uwa manoma, kaka ta kusa. Duk inda muka zaga ƙungiyoyinmu kuka ɗaya muke ji: an wasa lauje da safe, kafin hantsi ya dakushe. Dakusasshen lauje yana girgiza shinkafa ta zube a ƙasa, dakusasshiyar adda kuma takan goce ta sari ƙafa.

Da fari sai mu dubi ƙarfen. Maƙeran da suka san aiki sun fi son sifirin na tsohuwar mota, domin yana da tauri. Wuƙar langa-langa kuwa ko an kwana ana wasa ta, ba za ta jima ba.

Amma yawancin laifin yana wajen riƙo ne. In aka kwantar da wuƙa sosai a kan dutse, bakin zai yi siriri, ya yi kaifi ƙwarai, amma da ya gamu da ice sai ya lanƙwashe ko ya ɓalle. In aka ɗaga ta da yawa, bakin zai yi kauri, ba ya shiga. Ga dabarar da muke nuna wa mutane: a sami takarda, a ninka kusurwarta biyu, a sāke ninkawa. Abin da ya rage wajen digiri 22 ne, kuma kusan haka ya kamata wuƙar aiki ta tashi daga dutse. Gatari yana son baki mai kauri fiye da wannan. Kada hannu ya riƙa rawa, gama kowane ja da aka yi a karkace yana ɓata na baya.

A fara da dutse mai kaushi, ana zuba ruwa, har a ji wani siririn ƙarfe ya tanƙwaro ta ɗaya gefen. A nan mutane da yawa suke tsayawa, suna tsammani kaifi ne. Ba kaifi ba ne, da yanka biyu zai karye. A juya a wasa ɗaya gefen, a koma dutse mai laushi da hannu sako-sako, sa'an nan a goga a fata kamar yadda wanzami yake yi wa aska.

Game da injin washi na kasuwa, muna da shakka. Yana da sauri, amma yana zafafa baki. In kun ga bakin ya yi shuɗi, taurinsa ya ragu ke nan. Ku ce wa mai injin ya riƙa tsoma shi a ruwa, ko ku kai wa maƙeri ya koɗa.