Darar Zamani: Wasannin Yaƙi na Bi-da-bi a Birnin Jidda

Duk wanda ya zauna a ƙasar Hausa ya san dara. Mutum biyu ne suke zama a inuwa, su haƙa gurabe a ƙasa, galibi guda 30, kowa ya riƙe 'ya'yansa 12, wannan da tsakuwa, wancan da guntayen kara. Sai su dinga zubawa ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan su shiga matsar da su daga gurbi zuwa gurbi. Wanda ya jera uku a layi, ya ci ɗan abokin karawarsa. Ba a gaggawa a dara, ba a kuma nuna ƙarfin damtse. Idan abokinka ya yi nasa, sai ya dakata har kai ma ka yi naka, ko da za ka daɗe kana tunani. Wannan tsari shi ake kira bi-da-bi, kuma shi ne ginshiƙin wani nau'in wasan bidiyo da ya bunƙasa a Japan, ya kuma sami masoya a wurare masu nisa da can, har da Jidda ta ƙasar Saudiyya.

Jidda ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Ita ce ƙofar Makka ga mahajjatan da suka ƙetare Bahar Maliya, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka tafi a ƙasa, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, ba su komo gida ba. Zuriyarsu na nan a Makka da Madina da Jidda, wasu da laƙabin Hausawi, kamar Usama Hausawi, wanda ya jagoranci ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. 'Ya'yan waɗannan gidaje sun tashi suna kallon abin da sauran yaran birnin suke kallo a talabijin, kuma daga nan ne labarinmu ya faro.

Tun wajen ƙarshen shekarun 1970 gidajen talabijin na ƙasashen Larabawa suka fara nuna zane mai motsi na Japan, wanda ake kira anime, bayan an ɗora masa muryoyi da Larabci. Wanda ya fi shiga ran jama'a shi ne Grendizer na Go Nagai, labarin wani basamuden mutum-mutumi da yake kare duniya daga mahara, wanda aka fara nunawa a Japan a 1975, aka kuma juya shi zuwa Larabci a Labanan. Bayansa aka sami Kyaftin Majid, wanda sunansa na asali Tsubasa, sai kuma tashar Spacetoon da ta fara aiki a 2000. Saboda haka manyan idanu, da gashi mai tsini, da jarumin da yake dogon jawabi kafin ya kai sara, duk ba sababbin abubuwa ba ne ga wanda ya girma a Jidda. Shaida kuwa ita ce, a Jidda aka yi bikin Comic Con na farko a Saudiyya, a watan Fabrairun 2017, kuma a bikin shekara na birnin na 2022 an keɓe wani fili musamman da aka kira Ƙauyen Anime.

To, yaya wasan yake? Ana shimfiɗa filin daga a kan allo, a rarraba shi gida-gida kamar guraben dara. Mai wasa yana da runduna ƙarama, wataƙila mutum goma ko goma sha biyu, kowane da irin tafiyarsa da irin makaminsa. Barde a kan doki yana cin gidaje da yawa a tafiya ɗaya. Ɗan sulke kuwa, wanda ya yi kama da ɗan lifidin sarakunanmu, tafiyarsa kaɗan ce, amma sara ba ya kama shi da sauƙi. Akwai maharbi, wanda yake harbi daga nesa amma ba ya iya kare kansa idan an zo masa gaba da gaba, akwai kuma mai magani da yake bin bayan runduna. Idan mai wasa ya gama matsar da mutanensa, sai na'ura ta matsar da na abokan gaba. A jerin wasannin Fire Emblem, wanda kamfanin Nintendo ya fara fitarwa a 1990, an shigo da wata ƙa'ida a 1996 wadda ta zama alamarsa: takobi ya fi gatari, gatari ya fi mashi, mashi kuma ya fi takobi. Wato babu makamin da ba shi da maganinsa. Kafin a kai hari, na'ura tana nuna yiwuwar samun nasara, misali kashi 80 cikin 100, ta bar mai wasa da shawara a kan sauran 20 ɗin.

Idan da a nan abin ya tsaya, da sai mu ce dara ce kawai aka yi wa ado. Amma akwai bambanci guda, kuma a ganina shi ne asirin farin jinin waɗannan wasanni. Ɗan dara ba shi da suna. Idan aka ci tsakuwarka, ba ka yi mata ta'aziyya. A nan kuwa kowane ɗa yana da suna da fuska da murya, yana da garinsu, yana da ƙanwar da ya baro a gida ko bashin gaba da yake son ramawa. Tsakanin yaƙi da yaƙi ana nuna su suna hira, suna saɓani, wasu har su yi aure. Sa'an nan a tsarin Fire Emblem na asali, wanda ya faɗi a fagen fama ya tafi ke nan, ba ya dawowa har ƙarshen labari. Sai ka ga mai wasa ya kusa cin yaƙin da ya shafe sa'a guda yana yi, amma ya kashe na'ura ya sake daga farko, don kawai wani maharbi da ya saba da shi ya mutu ta dalilin sakacinsa. Lissafi ya ce a bar maharbin a ci gaba, zuciya ta ce a'a. Wannan ja-in-ja tsakanin lissafi da sabo ba a samunsa a dara, ba a kuma samunsa a kallon fim, domin a fim ba kai ne ka tura yaron bakin daga ba.

Daga baya masu ƙera wasan sun sassauta. Tun daga 2010 suka sa zaɓin da wanda ya faɗi zai tashi bayan yaƙi, kuma a Fire Emblem: Three Houses na 2019 ana iya mayar da lokaci baya a gyara kuskure. Wannan sassauci ya jawo sababbin 'yan wasa, ba shakka, amma ya rage wa kowace shawara nauyinta. Shi wannan na 2019 ya rama ta wata hanya: mai wasa malami ne a makarantar horar da mayaƙa, yana zaɓen aji ɗaya daga cikin uku, kuma bayan shekara biyar a cikin labarin sai ya haɗu da ɗaliban sauran azuzuwan a matsayin abokan gaba. Duk malamin da ya taɓa riƙe aji zai gane abin da ake nufi.

Labaran ma ba duka na yara ba ne. Final Fantasy Tactics, wanda kamfanin Square ya fitar a 1997, labarin abokai biyu ne, Ramza ɗan sarauta da Delita ɗan talaka, a lokacin rikicin gadon mulki. Saraki suka sadaukar da ƙanwar Delita don biyan bukatarsu, shi kuma ya bi ta kan kowa har ya hau gadon sarauta, tarihi ya rubuta shi a gwarzo, ya manta da Ramza. A wannan wasa, idan mai sihiri ya saki wuta a kan wani fili, tana cin duk wanda ta tarar, naka da na abokin gaba. Irin wannan ne Hausawa suke cewa “dara ta ci gida”, wato dabarar da mutum ya ƙulla don wani ta komo kan nasa.

Ga mai kallon Grendizer tun yana yaro, akwai wata gada ta kai tsaye. Jerin Super Robot Wars, wanda ya fara a 1991, yana tara mutum-mutumin fina-finan anime daban-daban a fili ɗaya na bi-da-bi, kuma Grendizer yana cikin wasu daga cikinsu. Ita ma hukuma ta shiga harkar: asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya sayi kimanin kashi 5 cikin 100 na hannun jarin Nintendo a 2022, kuma kamfanin Manga Productions na Saudiyya yana cikin waɗanda suka fito da sabon Grendizer U a 2024.

Sai dai akwai matsalar harshe. Anime ya zo wa yaran Jidda da ingantaccen Larabci, amma Three Houses bai fito da Larabci ba, balle Hausa, alhali rabin daɗinsa yana cikin hirarrakin da ake karantawa. Abin da yake taimakon mai wasa shi ne tsarin bi-da-bi ɗin kansa. Tun da abokin gaba ba ya motsi sai ka motsa, rubutu ma ba ya wucewa sai ka danna, kana da damar ka karanta jimla sau biyu ko sau uku, ka buɗe ƙamus, ka dawo ka tarar da rundunarka tana tsaye inda ka bar ta.