Farar Ƙasar Ƙanƙara A Hannun Ɗaliban Kimiyya

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Katsina ya san farar ƙasa, domin da ita mata ke shafe ɗakuna idan salla ta gabato ko za a kawo amarya. Abin da galibin jama'a ba su sani ba shi ne, wannan ƙasa da ake haƙowa a yankin Ƙanƙara ta daɗe da zama abin nazarin ɗaliban kimiyya, musamman na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, har sunan Ƙanƙara ya shiga mujallun masana na ƙasashen waje.

Turawa suna kiranta kawolin, sunan da ya samo asali daga Gaoling, wani wuri a ƙasar Sin inda aka daɗe ana haƙarta don yin tangaran. Idan tsantsarta ce, wajen kashi 46 daga cikin 100 silika ne, wato sinadarin yashi, wajen kashi 40 kuma alumina ne, ragowar kashi 14 ruwa ne da ke ɗaure a jikinta. Ana sa ta cikin fenti da takarda da alli da tangaran, har da wasu magungunan gudawa.

Amma fa ba a samunta tsantsa daga rami. Aikin farko da ɗalibi zai yi shi ne ya jiƙa ta, ya dama, ya bar yashi da ɓurɓushin duwatsu su kwanta, sa'an nan ya tace da rariya mai ƙananan idanu, ya shanya. Aiki ne na kwanaki, mai ɓata tufafi, kuma wanda ya yi masa riƙon sakainar kashi zai ga sakamakonsa a ƙarshe, domin yashin da ya rage yakan lalata duk gwajin da ya biyo baya. Bayan wannan sai a gasa ta cikin tanderu a zafin digiri 600 zuwa 800. A nan ne ruwan nan da ke jikinta yake fita, tsarinta ya sassauta, ta zama mai saurin karɓar sinadarai.

Daga nan hanya ta rabu. Wasu ɗalibai sukan dafa gasasshiyar ƙasar da ruwan asid irin na batirin mota, su fitar da alif, wanda hukumomin ruwan sha ke zubawa domin laka ta kwanta. Wahalar a nan ita ce ƙarfen da ke cikin ƙasar, wanda yakan bi alif ɗin ya sauya masa launi. Wasu kuma sukan ƙara wuta ta haura digiri 1,000 don yin tubalin da ke jure zafi, irin wanda ake jerawa cikin tanderun narka ƙarfe.

Binciken da ya fi jan hankali shi ne na ziyolait. Wannan wani farin gari ne mai ƙofofi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, kuma da shi matatun mai ke farfasa mai nauyi ya koma fetur. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, an gina ta da sashen da ke wannan aiki, garin kuwa daga waje ake sayo shi. Saboda haka ne Asusun Raya Fasahar Man Fetur, wato PTDF, ya kafa kujerar bincike a sashen injiniyan sinadarai na jami'ar Zariya, inda malamai da ɗaliban digiri na biyu da na uku suka duƙufa wajen haɗa ziyolait daga farar ƙasar gida, ciki har da ta Ƙanƙara.

Akwai wani ƙulli a cikin aikin. A farar ƙasa, ƙwayoyin silikon da na alminiyum kusan kunnen doki suke. Wannan ya dace da irin ziyolait ɗin da ake sawa cikin garin sabulu, amma wanda matata ke bukata sai silika ta rinjaya sosai. Don haka ko dai a rage alumina da asid, ko a ƙaro silika daga wani wuri. To, ina za a samo ta da araha? A ɓuntun shinkafa. Tokar ɓuntu, idan an ƙona shi da kyau, fiye da kashi 80 nata silika ce. Manomin Faskari ko Sabuwa da ke ganin tulin ɓuntu a bayan injin casa ba zai taɓa zaton yana da alaƙa da man da ke cikin babur ɗinsa ba.

Lalle ɗalibanmu sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin ɗakin gwaji da masana'anta. Ɗalibi yakan haɗa abin da bai cika tafin hannu ba, matata kuwa tan-tan take sha, kuma tana son na yau ya zama daidai da na jiya. Farar ƙasa ko a rami ɗaya takan bambanta daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ga tsadar awo, ga tanderu mai bukatar sa'o'i ana wuta ba yankewa. Kuma ɗalibi da zarar ya kare kundinsa gaban malamai, sai ya tafi bautar ƙasa, kundin ya hau kanta, na bayansa ya sake farawa daga jiƙa ƙasa.

Ba a ce gwamnati ba ta taɓa yunƙurawa ba. Hukumar binciken albarkatun masana'antu ta tarayya, RMRDC, wadda aka kafa da dokar soja a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, ta sa Ƙanƙara cikin wuraren da ta zaɓa don kafa masana'antun gwaji, aka yi ta gyaran farar ƙasa a can. Sai dai a ganin wannan wakili, wanke ƙasa a zuba a buhu matakin farko ne kawai. Ribar tana ga alif da tubali da ziyolait, kuma nan ne ya kamata ma'aikatun ciniki da na ruwa su nemi kundayen nan su karanta.

Wata dama kuma ta buɗe. Masana a Suwizalan da Kyuba da Indiya sun fito da siminti wanda ake haɗawa da gasasshen yumɓu da farar ƙasar dutse, mai rage hayaƙin da masana'antar siminti ke fitarwa da kusan kashi 40. Abin sha'awa, wannan ba ya bukatar ƙasa mai tsabta sosai. Wadda masu fenti suka ƙi saboda launinta ma tana yi.

Duk wannan kuwa sai da zaman lafiya. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cikin ƙananan hukumomin da 'yan bindiga suka fi addaba. Ranar 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe yara fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida. Makarantar kimiyya ce, wato irin wadda ake sa ran za ta ba jami'o'in Zariya da Katsina da Dutsin-ma 'ya'yan yankin da za su yi nazarin ƙasar garinsu. Mai bincike kuma yana bukatar ya je bakin rami da kansa, ya ɗebi samfur daga zurfi daban-daban, ya rubuta inda ya ɗebo kowanne. Buhun da direba ya kawo masa tasha ba zai gaya masa daga wane rami aka haƙo shi ba.